Amsa: wasan farko a garin ɗaliban jami'a

Ɗan'uwa, ka ce an kira ƙungiyarku ku rera waƙoƙin wasu mawaƙa a garin da ɗalibai suka yi yawa, kana tambayar me za ku fi kula da shi. To gaskiya jerin waƙoƙin ne. Ɗalibai ba sa haƙuri da waƙar da ba su sani ba, ku buɗe da wadda kowa ya haddace amshinta, in suka fara rerawa da ku sai mawaƙinku ya juya musu makirfo ya bar su su ɗauka, kuma don Allah kar ku tsaya dogon surutu tsakanin waƙa da waƙa, nan take filin rawa zai watse kowa ya koma kan wayarsa.

Ku isa da wuri ku gwada sauti, musamman sifikar da ke fuskantarku, don in mai ganga ba ya jin mai jita komai ya rikice. In makirfo ya fara ƙara ku janye shi daga gaban sifika. Waƙar da ta fi ƙarfin muryar mawaƙinku ku sassauto da ita, ba abin kunya ba ne.

Maganar kuɗi a gama ta a rubuce kafin ku hau dandali. Sannan ka duba kalandar makarantar, makon jarrabawa ko lokacin hutu ba za ku ga mutane ba.