Filin Tambaya da Amsa: An Kare Doktora a Ilimin Yanayi, Sai Ina?

Wasiƙun wannan fitowa daga Maradi da kewaye sun haɗu a kan abu guda: aikin binciken da ake yi bayan doktora, wanda ake kira fosdok, a fannin iska, ruwan sama da sauyin yanayi. Mun taƙaita tambayoyin, kuma malaman da ke kula da filin ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya kare doktora bara a Yamai, a kan ruwan sama. Muna cikin murna sai ya ce zai tafi Turai shekara biyu, wai fosdok. Akwai wani digiri sama da doktora ne, ko gudun aiki yake yi? (Wani dattijo, Tibiri)

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Ba gudun aiki ba ne, aikin ne kansa. Fosdok kwantiragi ne na shekara ɗaya zuwa uku, ana biyan mutum duk wata, ba jarrabawa, ba takardar shaida a ƙarshe. Abin da zai dawo da shi shi ne maƙalun da ya buga a mujallun kimiyya da kuma mutanen da suka san hannunsa. A wannan fanni hakan na da nauyi, domin manyan kwamfutocin da ake kwaikwayon yanayi da su ba ko'ina suke ba.

Ƙiƙi-ƙaƙa ba ta taso ba, Baba, ku zaunar da shi ya faɗa muku wa zai biya, wata nawa ne, kuma wane gurbi ke jiransa idan ya dawo. In aka ce shi ne zai biya kuɗin rajista, to ba fosdok ba ne, ya janye. Kuma idan ya faɗi albashin, kada a auna shi da kasuwar Maradi. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, lissafin zai yi girma a kunne, amma haya, inshorar lafiya da sufuri na can ne za su fara cin rabonsu kafin ya aiko da komai gida.

Tambaya: Na yi doktora a WASCAL, shirin binciken sauyin yanayi na Afirka ta Yamma, a Jami'ar Abdou Moumouni. Na aika takardu wurare da dama, ko amsa babu. Ina ake nema, kuma me nake yi ba daidai ba? (Wani dokta, unguwar Zariya, Maradi)

Amsa: Dokta, ƙofa biyu ce, kuma ba mabuɗi ɗaya ke buɗe su ba. Ta farko, wani farfesa ya riga ya samu kuɗin wani aiki, yana neman wanda zai yi masa wani sashe. Irin waɗannan ana tallarsu a EURAXESS, shafin guraben bincike na Tarayyar Turai, da shafukan cibiyoyi. A nan hannu ake dubawa: ka iya harsunan kwamfuta Python ko R, ka saba da tsarin kwamfuta na Linux, ka taɓa tuƙa manhajojin kwaikwayon yanayi WRF ko RegCM, ka san fayilolin NetCDF da ake ajiye bayanan yanayi a ciki? Idan tallar ta lissafa abu biyar, wasiƙarka ta amsa su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da shaidar inda ka yi shi.

Ta biyu ita ce tallafin da kai ne ke kawo tambayar, ka nemo mai masauki, wato farfesan da zai karɓe ka a cibiyarsa, ku rubuta tare. Tallafin Georg Forster na Gidauniyar Humboldt a Jamus an yi shi ne domin masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, wata 6 zuwa 24, ga wanda bai wuce shekara 4 da kare doktora ba. Na Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai wata 12 zuwa 24 ne, ana rufe karɓa a watan Satumba, ba ya karɓar wanda ya wuce shekara 8 yana bincike bayan doktora, kuma kada ka kasance ka zauna a ƙasar da za ka je fiye da wata 12 cikin wata 36 da suka gabata. Akwai cibiyar binciken kimiyya ta ICTP a Tiriyeste ta Italiya, inda ake kula da RegCM, akwai cibiyar binciken yanayi ta NCAR a Kolorado ta Amurka, akwai kuma ƙungiyar masana kimiyya ta TWAS mai tura mutane ƙasashe irin su Brazil da Indiya. Sharuɗɗa na canjawa, saboda haka a karanta sanarwar shekarar da ake ciki kafin a fara rubutu.

Shirun da kake ji yawanci daga wasiƙar farko yake. Wasiƙa ɗaya da aka rarraba wa mutum talatin ana gane ta daga layin farko. Ka zaɓi mutum uku ko huɗu da ka karanta aikinsu da gaske. Ka rubuta layi goma zuwa sha biyu: wace maƙalarsa ka karanta, wane sakamako a ciki ne ya shafi yankinmu, mece ce tambayarka, waɗanne bayanai ke hannunka, wane tallafi kake son ku nema tare. Ka haɗa da tarihin aikinka na shafi biyu da maƙalarka mafi ƙarfi guda ɗaya. Ka fara wata shida kafin ranar rufewa, domin mai masauki sai ya nemi sa hannun jami'arsa, kuma masu rubuta maka wasiƙar shaida su ma sai an ba su lokaci.

Sai tambayar kanta, wadda a ganinmu ita ce ke kayar da mafi yawan ƴan Sahel. "Tasirin sauyin yanayi a kan noma a Nijar" ba tambaya ba ce, sunan fanni ne. Dubi bambanci. Binciken da Christopher Taylor da abokansa suka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan hadarurruka mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Irin waɗannan hadarurruka masu tasowa daga gabas su ne ke kawo mafi yawan ruwan daminarmu, kuma mutanen Maradi sun ga ɓarnar irin wannan ruwa a ƙarshen Agustan 2024. Manhajojin kwaikwayon yanayi na duniya kuwa suna yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita 100 ko fiye, don haka ba sa ganin hadarin, ƙiyasta shi suke yi. Shi ya sa suke zubo da yayyafi kusan kullum da tsakar rana, alhali namu ruwan yakan zo da ƙarfi da yamma ko cikin dare. Manhajar CP4-Africa ta hukumar yanayi ta Ingila mai gida kilomita 4.5 ta gyara da yawa daga wannan. To shin ta kama ruwan sa'a guda mafi ƙarfi a kwarin Gulbin Maradi? Wannan tambaya ce da za a iya amsawa a wata 24. Ga wata kuma da ba kowa ke da ita a ƙofar gida ba: sassabin zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona, ya dawo da gawo da kalgo a fili kusan hekta miliyan 5 a jihohin Maradi da Damagaram. Me wannan ya yi wa zafin ƙasa, kuma ya taɓa inda hadari ke fara haɗuwa?

Kada ka yi alkawarin bayanan da ba ka da izininsu. Ka fara samun takardar amincewa daga ma'aikatar meteyo ta ƙasa, ka faɗi a cikin shirin abin da za ka yi in bayanan suka makara. Game da biza, ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, saboda haka ka tambayi mai masaukinka tun da wuri inda za ka ajiye takardunka.

Tambaya: Ina koyarwa a Jami'ar Ɗan Dicko Dankoulodo. Kwamfutar hannu kawai gare ni, intanet kuma sai a hankali. Zan iya fitar da maƙalar da za ta buɗe mini ƙofar fosdok daga nan? (Wani malami, Ali Ɗan Sofo)

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malam, muddin ba ka ce sai ka tuƙa babbar manhaja da kanka ba. Gwada bayanan tauraron ɗan'adam da na ma'aunin ruwa na ƙasa aiki ne da kwamfutar hannu ke ɗauka, kuma ana buƙatarsa. Ga rumbunan bayanan da za ka iya ɗauka: CHIRPS na ruwan sama ya fara daga 1981, gidansa kusan kilomita 5. TAMSAT na Jami'ar Reading ta Ingila, shi ma na ruwan sama, daga 1983, kusan kilomita 4. IMERG na NASA yana ba da ruwa duk rabin sa'a a gida kusan kilomita 10. ERA5 na Turai yana ba da iska, zafi da danshi sa'a-sa'a tun daga 1940, a gida kusan kilomita 31. Duka kyauta ne.

Kada ka sauke duniya baki ɗaya. Abu guda na ERA5, misali zafin iska, sa'a-sa'a na shekara ɗaya ga duk duniya ya kusa gigabayit 18. In ka yanke akwatin Afirka ta Yamma tun a wurin neman, daga digiri 0 zuwa 25 arewa, daga 20 yamma zuwa 25 gabas, zai dawo wajen megabayit 300. Ka nema shekara-shekara, domin in wuta ta ɗauke ko layi ya yanke, fayil ɗaya kawai za ka sake. Ka ajiye kwafi biyu a faifai biyu, ɗaya ba a ɗaki guda da ɗayan ba, ka kuma rufe su saboda ƙurar hunturu.

Inda aiki ke lalacewa ba a kwamfuta ba ne, a rajistar ruwa ne. A tashoshin meteyo ana rufe ranar ruwa da ƙarfe 6 na safe agogon GMT, wato ƙarfe 7 a nan, kuma ruwan da aka karanta da safe na jiya ne. Wasu bayanan tauraro kuwa daga tsakar dare zuwa tsakar dare suke lissafi. Da yake ruwanmu yakan sauka da dare, sai hadari ɗaya ya rabu gida biyu ko ya faɗa ranar da ba tasa ba, ka ga kamar tauraron bai iya komai ba. Ka ɗauki IMERG na rabin sa'a ka tara shi daga 6 zuwa 6 kafin ka gwada. Sannan ka bi ranakun da ba a auna ba: wani magatakarda yakan bar gurbi, wani ya sa sifiri, wani fayil ya sa -99 ko -999. Sifirin ƙarya a tsakiyar Agusta yana haifar da farin da bai faru ba, -99 kuma in ya shiga lissafi sai ya rushe jimillar wata. In tasha ta nuna kwana goma ba ɗigo alhali maƙwabtanta sun sha ruwa sau uku, ka tuhume ta. Ka kuma binciki ko an taɓa matsar da ma'aunin, ko gini ko itace ya tashi kusa da shi.

Wani wurin tuntuɓe shi ne faɗuwar damina. Ma'aunin da masani Sivakumar ya fitar a 1988, lokacin da yake aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT, ya ce: bayan 1 ga Mayu, a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada ruwa ya tsaya fiye da kwana 7 cikin kwana 30 da ke biye. Akwai wasu ma'aunai da ke sassauta tsawon tsayawar ruwan, kuma ranar da za su ba ka tana iya bambanta da makonni. Ka faɗi wanda ka ɗauka, ka gwada na biyu, sannan ka tuna cewa manomin da ya yi binne a jigawa bai jira ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda ya haɗa ranakun shukar hatsi na gaskiya daga ƙauyukan Dakoro zuwa Madarumfa da waɗannan lissafai ya riƙe abin da babu shi a Turai.

Don kwatanci ka yi amfani da matsakaicin 1991 zuwa 2020. Ka nemi abokin rubutu a cibiyoyin yanayi na AGRHYMET ko ACMAD a Yamai, ko wanda ya san bayanan AMMA-CATCH, shirin auna ruwa da yanayi a Afirka ta Yamma. Mujallar da ta yi maka alkawarin bugawa cikin mako biyu in ka biya, ka guje ta, domin masu tantancewa sun san su kuma suna rage wa takarda daraja. Mujallu da yawa na gaskiya suna yafe kuɗin bugawa ga marubuta daga ƙasashe irin tamu, amma sai ka nema a ranar da ka miƙa maƙalar, ba bayan an karɓa ba.

Tambaya: Ni mataimakiyar malama ce, ina da ƴaƴa uku. An yi mini tayin fosdok na shekara biyu. Ina tsoron rasa gurbina da kuma jinkirin ƙarin girma a CAMES, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a. (Wata malama, Maradi)

Amsa: Malama, tsoronki a kan hanya yake. Kada ki tafi da izinin baki. Ki nemi takarda daga jami'a da ta fayyace matsayin da za ki fita da shi, ko albashi zai ci gaba, ranar dawowa, da kuma ko shekarun za su shiga lissafin daɗewarki a aiki lokacin da za ki miƙa takardu don ƙarin girma zuwa matsayin metir-asistan. Amsar wannan ta ƙarshe ita ce za ta nuna miki ko tafiyar riba ce. Duk maƙalar da za ki buga a can, ki sa sunan jami'arki ta gida tare da ta masauki, kuma ki daidaita tun farko da mai masauki a kan waɗanda sunanki zai zo farko. Ki tambaye shi a rubuce ko tallafin na da kason iyali. Na Humboldt da na Marie Curie suna da shi.

In shekara biyu a jere ta yi wa gida nauyi, akwai hanyar da ba ta raba ki da aji. Shirin abokan ICTP na shekara shida ne, mutum na riƙe da aikinsa a ƙasarsa, yana zuwa Tiriyeste na ƴan makonni yana dawowa. Ƙungiyar OWSD ta mata masana kimiyya a ƙasashe masu tasowa kuma tana ba mata masu doktora tallafin da ya kai dalar Amurka 50,000 don su kafa bincike a jami'arsu. Da irin wannan kuɗi za a iya sayen ma'aunan ruwa masu rubuta kansu, a dasa su a ƙauyuka, a sa ɗalibin masta ya riƙa zagayawa duk wata yana share mazurarin daga yashi da kashin tsuntsu, yana duba batir, yana sauke bayanan kafin ma'ajiyar ta cika.