Tambaya da Amsa: Gishirin EDTA ya ƙi narkewa, ƙonewa ya yi

Tambaya: Salam Malam, ni ɗaliba ce a sashen kemistiri. An ba mu gishirin EDTA (sinadarin nan mai cafke ƙarfe) mai sodiyam biyu mu auna zafin da yake narkewa, na zuba a ɗan siririn bututun gilas ina ta jira ya zama ruwa, sai kawai wajen digiri 250 ya koma ruwan kasa yana kumfa. Jabu ne ko ni ce na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikissalam 'yar uwa, kwantar da hankalinki, ba jabu ba ne, halinsa ke nan. Duba jikin kwalbar da kyau, kusa da lambar nan ta wajen 250 galibi za ki ga an rubuta "dec.", ma'ana a nan yake wargajewa. Ƙanƙara in ta narke ki sa ta a firij ta dawo ƙanƙara, wannan kuwa in ya yi duhu shi ke nan, ba ya dawowa.

Shi EDTA, wanda Ferdinand Münz ya fara haɗawa a Jamus a 1935, hannaye shida gare shi da yake cafke ƙarfe irin su kalsiyam kamar yadda ƙaguwa ke damƙe abu, biyu na naitirojin, huɗu na asid, to waɗannan huɗun ne zafi ke kakkaryawa su fice a matsayin iskar kabon dayoksaid, kumfar da kika gani ke nan. Tun kafin a kai nan ma ruwan da ke ɗaure cikin ƙwayoyin gishirin ya gudu, don wanda aka fi sayarwa ƙwayar ruwa biyu yake ɗauke da ita. Shi ya sa in za a busar da shi don awo a digiri 80 ake tsayawa, danshin waje kawai ake son korewa.

Lambar 250 ɗin ma ba tsayayya ba ce, ki ɗaga wuta da sauri ki ga ta haura, ki bi a hankali ta sauko, ni dai a ganina ɓata lokaci ne a gwada tsaftarsa ta wannan hanya. Ki narka shi a ruwa ki yi taitireshan, wato ki riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan cikin ruwan kalsiyam ɗin da kika san yawansa har ya cafke shi duka, nan gaskiyarsa za ta fito. Kuma don Allah kar ki kai hanci kusa da hayaƙin, akwai iskar kabon monoksaid mai guba a ciki.