Canza ƙarfen birki zai sa kekena ya fi tsayawa?

Tambaya: Ina da keken tsere na gwanjo. Idan na gangaro daga gadar Kwangila, sai na matse birki har hannun ya taɓa sitiyari kafin ya tsaya. Mai gyara ya ce in canza ƙarfen da ke matse rim. Ingancinsa na da tasiri haka? Daga wani mai karatu a Samaru.

Amsa: Yana da tasiri, Malam, amma kada ka fara da sayayya.

Ƙarfen nan hannu biyu ne da ke danna roba a jikin rim. Mai araha, wanda aka buga da siririn ƙarfe, lanƙwashewa yake yi. Matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, ka zuba ido: in hannuwan suna rawa ko suna bin taya, ƙarfin yatsunka a nan yake zurarewa. Mai kyau na alminiyam ne mai kauri, ba ya motsi. Akwai kuma bambancin ƙira. Tsohon samfuri ƙusa ɗaya ce a tsakiya, yakan karkace har roba ɗaya ta riƙa gogar rim. Mai ƙusa biyu, wanda kamfanin kayan keke na Shimano ya yaɗa a farkon shekarun 1990, ya fi cizo da ɗan matsi kaɗan, kuma yana zama daidai.

Sai dai hannun birki da ke kaiwa sitiyari galibi laifin waya ne da roba. Ja wayar har tazarar roba da rim ta koma milimita 1.5 zuwa 2 kowane gefe. In wayar ta yi tsatsa ko rigarta ta tsage, canza su tare. Ƙurar hunturun Zariya tana sa roba ta yi sulɓi kamar gilashi. Goge ta da sanfefa, ka tsince ɓurɓushin ƙarfen da ya nutse ciki. In layukanta sun shafe, ta gama aiki. Rim kuwa kada mai ya taɓa shi ko kaɗan. Robar ta zauna milimita 1 ƙasa da bakin rim, don in ta hau taya za ta yanka ta.

In duk ka yi wannan ƙarfen yana rawa, to canza shi, ka fara da na gaba domin shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Auna daga ƙusar da ke riƙe shi zuwa tsakiyar gefen rim tukuna, don ka san girman da za ka saya: gajere milimita 39 zuwa 49 ne, matsakaici 47 zuwa 57. Da damina ka riƙa taɓa birki da wuri, sai robar ta share ruwan rim kafin ta kama.