Amsoshin Likita: Kayan Oganik ko Cefanen Kasuwar Unguwa?

Tambayoyin wannan makon duk a kan cefane suka zo, kuma daga Kumasi.

Wata uwa daga Aboabo: Likita, ƙanwar maigidana da ke zaune a Ingila ta ce guba nake ba 'ya'yana tunda a kasuwar Kejetia nake cefane, wai in koma sayen kayan oganik a manyan kantuna. Na je na duba, kuɗin latas ƙulli ɗaya ya isa in yi miyar gida. 'Ya'yana huɗu. Yaya zan yi?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba guba kike ba su ba. Kayan oganik su ne waɗanda aka noma ba da takin zamani ba, ba kuma da irin maganin ƙwarin nan na kanti ba. A shekarar 2012 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun tattara bincike sama da 200 a kan wannan batu. Abin da suka gani shi ne ragowar maganin feshi ya fi ƙaranci a kayan oganik, amma ta fuskar gina jiki ba su ga wani bambancin a zo a gani ba. Karas ɗin Kejetia karas ne.

Abin da ya fi damuna da yaran zango shi ne ƙarancin ganye da 'ya'yan itatuwa a kwanonsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na buƙatar aƙalla giram 400 a rana, kuma gidaje da yawa ko kusa ba sa kaiwa. In sayen oganik zai sa ki rage ayoyo, alayyafo, kuɓewa da kontomire (ganyen gwaza) a tukunyarki, to asara kika yi, ba riba ba. Ga shi kuma kowa na iya buɗe baki ya ce kayansa oganik ne. In babu tambarin wata hukuma mai tantancewa a jikin ledar, tsadar kawai kika saya.

Amma maganar ƙanwar taki ba ta faɗi ƙasa banza ba. Kowane maganin feshi akwai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa da za a jira kafin a girbe, kuma akwai manoman da ba sa jira, su fesa yau su kai kasuwa jibi. Kabeji da tumatir sun fi shan wannan feshin. Saboda haka in kin ga tumatir da wata farar hoda a bayansa, ko kin shinshina kin ji warin magani, ki wuce gaba. Kabeji ki ɓare ganyen waje ki zubar, karas da kokwamba ki fere su. Sannan ki riƙe mai sayarwa guda wadda ta san inda kayanta ke fitowa. Tambayar "daga wace gona?" ba rashin kunya ba ce.

Wani direban tasi daga Asawase: Kullum da safe waakye (shinkafa da wake) nake ci da salak a kai. Duk 'yan kwanaki sai cikina ya ɓaci. Maganin feshin ne?

Malam, ni ruwa nake zargi kafin magani. Latas da ganyen albasa da ake ci a Kumasi yawancinsu a cikin garin nan da kewayensa ake noma su, a lambuna irin na Gyinyase, don ganye ne da ba ya jure doguwar tafiya. Rafukan da suka ratsa garin, su Subin da Sisa da Aboabo, kowa ya san abin da kwatoci ke zuba musu. In mai lambu ya cika bokitin ban ruwa da irin wannan ruwa ya kwarara a kan ganye, ga ɗanyen kashin kaji da aka barbaɗa a matsayin taki, to ƙwayoyin gudawa da na taifot da ƙwan tsutsar ciki sun samu wurin zama. Daga nan a kasuwa za ka ga roba ɗaya ta ruwa, tun asuba ake tsoma ganye a ciki ana fitarwa don ya yi shar, kafin azahar ruwan ya koma kalar ƙasa. Wannan ba wanki ba ne, raba datti ne.

Kuma oganik ba ya tsare ka daga wannan. A 2011 cutar gudawa mai jini ta ɓarke a Jamus, ta kashe mutum sama da 50, aka bi sawu har zuwa tsiron hulba daga wata gonar oganik. Mu ma nan gida ba mu manta kwalarar 2014 ba, wadda ta kama sama da mutum 28,000 a Ghana, akasarinsu a Accra.

Ayoyon tuwon zafi da kontomiren miya ba ni da fargaba a kansu, wuta ta gama da ƙwayoyin. Ɗanyen ganye ne abin lura. A gida a ware latas ganye-ganye, a wanke shi a ƙarƙashin ruwa mai tsabta yana zuba, domin zubar ruwan ce ke kwashe ƙwan tsutsa. Sai a jiƙa shi minti goma a binega kashi ɗaya, ruwa kashi biyar, a sake ɗaurayewa. Ɗan gishirin da iyayenmu ke barbaɗawa a ruwa ba ya isa. A waje kuwa, ka bar salak ɗin na mako biyu ka ga ko cikin zai lafa. In ka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi ya haɗu da gudawar, kada ka tsaya sayen ƙwayoyi a kemis, ka je asibiti a yi gwaji.

Wata amarya daga Tafo Zango: Ɗana wata bakwai, na fara ba shi kunun Tom Brown, na garin soyayyar masara da gyaɗa. In nemi masara da gyaɗar oganik ne?

'Yar'uwa, madalla da kika jira ya cika wata shida kafin ki fara, kuma ki ci gaba da ba shi nono. A masara da gyaɗa abin tsoron ba taki ba ne, fumfuna ce. In hatsi bai bushe sosai ba aka zuba a buhu, musamman a irin damshin Kumasi, fumfunar na fitar da wani dafi da ake kira aflatoksin. Suya ba ta kashe shi, tafasa ma haka. A hankali yake cin hanta, yana cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta, kuma hatsarin na ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ke da yawa a cikinmu. A yara ƙanana an danganta shi da tsumburewa. Gyaɗar oganik da aka adana a ɗaki mai laima ita ma tana yin sa.

Ki sayi gyaɗarki tsaba, ki baza a tire ki tsince da hannunki. Duk wadda ta yamushe, ta yi baƙi ko kore-kore, ko ƙwari suka huda, ki zubar. Kada ki ba kaji ko akuya, don dafin na iya biyowa ta nonon dabba. Ki soya da kanki ki kai inji. Niƙaƙƙiyar gyaɗar kasuwa ba ki san wace iri aka zuba a ciki ba, kuma sau da yawa tsintar da aka ware ce ake sayarwa da araha. Ki duba katin awon yaron kuma ki tabbata ya karɓi allurar ciwon hanta yadda aka tsara.

Wani dattijo daga Sawaba: Ana ta maganar galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya lalata ruwa. Wanki zai fitar da gubar daga kayan miya?

Baba, ba zai fitar ba. Zaiba da sauran ƙarafan da haƙar zinariya ke saki a koguna irin su Offin da Pra suna shiga cikin naman shuka da na kifi ne. Abin da ke hannunka shi ne tambayar inda kaya suka fito, da sassauya wurin saye. Mai ciki da yara su guji kifin waɗannan kogunan.

Wata malamar Islamiyya daga Asokore Mampong: Ina so in shuka ganye a tsofaffin bokitai a tsakar gida da kashin kajina. Ya halatta a lafiyance?

Malama, wannan ya faranta min rai. Ayoyo, alayyafo, yakuwa da attarugu duk suna yi a bokiti ko buhun siminti da aka wanke, in an huda gindinsa. Sai dai kashin kajin kada ki zuba shi ɗanye. Ki tara shi gefe da busasshen ganye, kina juyawa, ya ruɓe wata uku zuwa huɗu har warinsa ya tafi ya koma kamar baƙar ƙasa. Ban ruwa ki yi da na famfo ko rijiya, a gindin shukar, ba da ruwan wanki ko na kwata ba. In ƙwari sun dame ki, ki daka ganyen dogon yaro ki jiƙa ya kwana, ki tace ki yayyafa da yamma. Bokitin fenti ko na man mota kada ki shuka abin ci a ciki.