Mai ofishin kago a Jidda: sabbin kwamfutoci ko ƙananan akwatuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ofishin aika kaya daga Jidda zuwa Kano, ma'aikata 14, kowa da kwamfutarsa. Duk sun tsufa, kullum mai gyara yana hanya. An ce in sayi ƙananan akwatunan nan da ake kira tin kilayan. Shin za su rage mini kashe kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Za su rage, amma kada ka sa rai da ganin ribar ranar saye.

Akwatin nan bai fi littafi girma ba, wasu ma a bayan allo ake ɗaure su. Aikinsa kawai ya nuna wa ma'aikaci hoto, ya kai abin da ya buga. Manhajoji da bayanai duk suna zaune cikin babbar kwamfuta guda, wato saba. Dell da HP da NComputing duk suna ƙera su.

Masu talla da kuɗin wuta suke fara jan hankali. Mu lissafa. A ce kwamfutar tebur tana cin wat 100, akwatin kuma 10. Tebur 14, awa 10 a rana, ka tsira da kusan yunit 13 kullum, kafin a cire abin da sabar za ta ci. Ba laifi, amma wuta a Saudiyya ba ta yi tsadar da wannan kaɗai zai sa ka canza tsari ba.

Inda kuɗinka ke zurarewa shi ne gyara. Ka sa mai gyara ya buɗe ɗaya daga cikin tsofaffin kwamfutocin a gabanka: ƙura ta haɗu da damshin Jidda ta dunƙule a fanka kamar auduga, injin ya yi zafi, aiki ya tsaya, alhaji na tsaye da buhunan dabino yana jiran rasit. Yawancin akwatunan nan ba fanka, ba abin da ke juyawa a ciki, shi ya sa suke daɗewa. In ɗaya ya mutu, sai ka ɗauko wani daga durowa ka jona, yaro ya sa lambar sirrinsa ya tarar da aikinsa inda ya bar shi. Manhajar rasit ɗinka ta Fatoora, wato tsarin rasit na kwamfuta wanda hukumar zakka da haraji ta Saudiyya ta wajabta tun 4 ga Disamba 2021, sau ɗaya za a sabunta ta a saba maimakon sau 14. Sunayen kwastomomi ma ba sa kwana a kan tebur, balle wanda ya bar aiki ya tafi da su.

Sai dai akwai abin da dillali ba zai yi saurin faɗa maka ba. Saba tana da tsada. In ta Windows ce, Microsoft na karɓar kuɗin lasisi kan kowane ma'aikaci ko kowane akwati. Kuma ranar da ta tsaya, ofis gaba ɗaya ya tsaya, saboda haka batirin ko-ta-kwana da kwafin bayanai a wani wuri dabam dole ne, musamman lokacin aikin Hajji da kaya ke yin yawa. Da tebur uku ko huɗu gare ka, da na ce ka haƙura. A 14 da ba abin da suke yi sai rasit da lissafi, tsarin ya dace da kai.

Ka kuma sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, tsofaffin injuna da yawa kuma ba sa ɗaukar Windows 11. Kada ka zubar da su tukuna. Ana iya sa musu manhaja mara nauyi irin Linux ko IGEL su yi aikin akwatin.

Ka nemi farashi a rubuce daga kamfani biyu, na shekara biyar, har da lasisi da gyara da harajin kashi 15. Ka tambayi mai manhajar rasit ko tana aiki a saba, firinta da sikelin awon kaya ma a gwada su. Ka fara da tebur huɗu na wata guda, bayan Hajji in kasuwa ta lafa.