Kuɗin sojan da ake maganarsa a zaure

Yaya, saƙonka ya iso, kuma tun kafin in kai ƙarshensa na ga inda ka dosa. Ka ce ana faɗa a zaure wai albashina daga aljihun sojan Amurka yake fitowa, wai har ɗana ma na jefa shi ciki. Ba zan yi maka kwana-kwana ba, akwai gaskiya a ciki. Sai dai a Tudun Wada kamar ana zaton kullum da safe sai na sara wa wani janar kafin in shiga aji.

A nan Amurka malamin injiniya a jami'a shi ke fita neman kuɗin bincikensa. Ya rubuta abin da yake son yi, ya kara da wasu, wanda ya ci ya samu. Cikin manyan masu bayarwa akwai ma'aikatar tsaro, ta hannun ofishin binciken sojan ruwa da aka kafa a 1946, da hukumar binciken fasahar tsaro da yanzu ake kira DARPA, ta 1958. Kuɗin nan shi ke sayen na'urori, shi ke biya wa ɗaliban digiri na uku makaranta da na cefane. Ni shekara 22 ke nan tsatsa nake bi, yadda ruwan gishiri ke cin ƙarfe. Jirgin yaƙi na amfana, gada ma haka. Intanet ɗin da ka yi min faɗa ta cikinta, da irin wannan kuɗin aka fara haɗa kwamfutocinta a jami'o'i a 1969.

Ban ce zuciya ba ta ɗar ba. Akwai aikin da aka kawo min na ce a kai kasuwa. Akwai kuma wani Bakano a nan da ya bar jami'a dungurungum don kada kuɗin ya shiga tukunyarsa, kuma sahu ɗaya muke Juma'a, ba wanda ya taɓa goranta wa wani.

Yaron kuwa ba kaki ya sa ba. Tallafin karatu na ma'aikatar tsaro da ake kira SMART ya samu: su biya karatu, shi kuma kowace shekarar da suka biya ya yi musu shekara ɗaya yana aikin farar hula. Ba don yana da takardar zama ɗan ƙasa ba da bai samu ba, kuma na san nan ne gizo ke saƙar, tunda ka rubuta “ko har yanzu ku Hausawa ne?”

Wannan ta yi min zafi, Yaya. Zariya fa garin soja ce. Defo, inda ake horar da kurata, na nan tun 1924, makarantar yaran soja tun 1954. Ka manta da me Baba ya biya mana makaranta? Kakin kurata yake ragewa a kekensa har dare, kai kana riƙe fitila, ni ina tsinke zare. Da kuɗin nan na je Samaru. Wa ya taɓa cewa Baba ya bar Zazzagawa?

Hausar yaron ta ɗan karkace, na yarda, “gobe” da “jibi” har yau sai ya tsaya tunani. Amma ba ya gaishe ni a tsaye. Yarinyar da zai aura baƙar fata ce 'yar nan, Musulma tun daga kakanta. Inna ta tambaya ko ta iya tuwo. Tana koyo, na farkon dai gudaji ne, muka ci muka yi shiru. Sadaki za a biya, goro ma mun samo a shagon mutanen Ghana, waliyyi kuma kai muke so, ko ta waya ne.

In mai zuwa ya samu a haɗo mana da kuka da daddawa. Keken Baba kuma, yana nan a ɗakin soro ko an sayar?