Zuwa ga ɗana da ruwa ya rushe wa gida: batun yanka da zaman gidan surukai

Ɗana, saƙonka ya iso ni, kuma sai da na karanta shi sau biyu kafin in zauna ba ka amsa. Ina ƙara yi muku jaje kai da mai ɗakinka da yara, Allah ya kiyaye gaba. Ka ce tun daren da ruwan malka ya kayar da ɗakuna biyu da katangar gabas kuke zaune a gidan surukinka a wajen Ƙofar Ƙaura, yau mako uku ke nan, kuma abubuwa biyu sun hana ka barci. Gwaggonka ta aiko daga ƙauye cewa kada a aza tubali ko ɗaya sai an zubar da jinin baƙar akuya a wurin, domin a ganinta iskokin gida ne suka yi fushi. Sannan kana jin ana ƙananan maganganu cewa namiji ba ya kwana ƙarƙashin rufin surukinsa. Kana so ka san abin da al'adarmu ta ce, da abin da ya kamaci mai bin Almasihu.

Maganar Gwaggonka ita ce mai nauyi, kuma ba na so ka yi mata dariya, domin abin da ta gani da idonta tana yarinya take faɗa. A gidan kakanka, can ƙasar Kafur, kafin bishara ta shigo mana, akwai jigo, wato itacen tsafi, kafe a tsakar gida, kuma a gindinsa mai gida yake yanka wa kan gida, wato iskar gidan, jan zakara ko akuya idan za a fara shuka, ko cuta ta shigo, ko wani abu ya faru wanda aka rasa dalilinsa. Ma'anar wannan yanka biyan bashi ce: ana ba iska jini don ta huce ta ƙyale mutanen gida. Shekarar da aka yi wa kakanka baftisma shi da kansa ya tumɓuke jigon, ina tsaye a ƙofar ɗakin tsohuwarmu ina kallo, mata suna kuka suna jiran masifa ta sauko kafin gari ya waye. Bayan haka mun ga shekarun albarka mun ga na wahala, daidai da maƙwabtanmu da suka bar nasu jigon a tsaye, kuma da farin 1973 ya zo, gonarmu da tasu tare suka ƙone.

Saboda haka amsata a kan wannan ba ta da kwana-kwana: kada ka yi yankan. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura ta 10, ta nuna cewa Almasihu ya miƙa hadaya sau ɗaya tak kuma ta wadatar, don haka babu wani bashin jini da ya rage a kanka wanda akuya za ta biya. Amma ka lura da bambancin nan, domin matasa kan haɗa komai su zubar. Idan ranar aikin gayya ta zo ka yanka akuya aka dafa wa magina da masu cuɗa ƙasa, bayan an yi addu'ar godiya, wannan ciyar da mutane ne, kakanka ma ya ci gaba da yinsa har ya koma ga Ubangiji. Abin da muka bari shi ne jinin da ake zubarwa da sunan iska. Kada kuma ka ba Gwaggo wannan amsa ta waya. Ka je da ƙafarka, ka riƙa mata goro da sabulu, ka durƙusa ka gaishe ta, ka gaya mata cewa ka san tsoron abin da zai same ku ne ya sa ta yi magana, sannan ka roƙe ta ta zo ranar da za a sa harsashi ta sa muku albarka da bakinta.

In kana neman abin da ya kayar da gidan, ka tambayi magini zai gaya maka. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, yana son a duba indararo kada ya toshe ruwa ya kwanta a kan soro, a duba azara ko gara ta cinye bakinta, a kuma buɗe hanyar ruwa kada ya tsaya a gindin katanga. A watan Agusta, idan ruwa ya kwana biyu yana zuba a hankali, ƙasar takan sha ta yi nauyi daga sama, ta yi laushi daga ƙasa, sai ginin ya zauna. Hasumiyar Gobarau ma da ƙasa aka gina ta, kuma abin da ya tsayar da ita ɗaruruwan shekaru shi ne hannun masu gyara. Ba gori nake maka ba, amma bara da na zo na nuna maka tsagar da ke bayan ɗakin yara, ka ce sai bayan kaka.

Akwai kuma waɗanda ba za su ambaci iska ba, amma za su zo da Littafi Mai Tsarki a hammata su ce ka binciki kanka, wataƙila akwai zunubin da ka ɓoye ko zakkar da ka riƙe. A ganina waɗannan sun fi Gwaggo cutarwa, domin ita ba ta yi da'awar ta san Littafin ba. Ka buɗe musu Luka sura ta 13, inda Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa suka mutu, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba. Ambaliyar da ta auka wa Jibiya a watan Yulin 2018 ta ci rayukan mutum fiye da 40 cikin dare, kuma babu mai hankalin da zai ce an zaɓo su ne saboda zunubi. Abokan Ayuba sun yi jaje mafi kyau a kwana bakwai da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, kuskurensu ya fara ne daga lokacin da suka buɗe baki suna nema masa laifi. Duk wanda ya zo jaje ka shimfiɗa masa tabarma ka amsa da godiya yadda aka saba, amma ba dole ne ka ɗauki fassararsa ba.

Batun gidan suruki kuwa, gaskiya ne al'adarmu ba ta so, kuma dalilinta kunya ce: ba ka cin abinci a gabansa, ba ka kiran sunansa, ba ka shiga turakarsa, to yaya za a yi wannan a gida ɗaya safe da yamma? Amma abin da al'ada ta ƙi shi ne namijin da ya tare can don lalaci, ban taɓa jin dattawa sun zargi wanda ruwa ko gobara ta kora ba. Musa ya yi shekara 40 a Madayana yana kiwon tumakin surukinsa Yetro, Yakubu ya yi 20 a wurin Laban. Abin da zai rufa maka asiri shi ne ka riƙe kunyar yadda take, ka cire takalmi ka durƙusa idan za ka gaishe shi, ka riƙa kawo cefane ko da an ce ka bari, ka kuma gaya masa watan da kake sa ran tashi don kada zaman ya zama marar iyaka.

Ni ma na taɓa wannan zama, lokacin kana goye. Cikin dare na ji azara ta yi ƙara kamar an karya kara, na tashi iyali muka fita, ko zane na biyu ba mu ɗauka ba, rufin ya sauko a kan gadon da muka bari. Wanda ya buɗe mana ƙofarsa maƙwabcinmu ne Musulmi, ya ba mata da yara ɗaki a cikin gida, ni kuwa na yi kusan wata biyu a zaurensa. Washegari na tono Littafina daga cikin laka, ya kumbura ya yi biyun girmansa, na shanya shi a kan faifai ina buɗe shi shafi-shafi, kuma har yau Zabura ta 46 tana da tabon jar ƙasa. Abin da ya fi yi mini wuya a zaman nan shi ne addu'ar safe, domin na ji kamar ba ni da bakin tara iyali tunda ba ni da gida. Kwana huɗu na bar ta, sai na ga yara sun fara firgita da kowane hadari. Daga nan, idan mai gida ya dawo daga sallar asuba muka gaisa, sai mu taru a gefen rumbu, mu karanta aya biyu, mu yi waƙa ɗaya da ƙaramar murya. Bai taɓa nuna ya damu ba, mu ma ba mu taɓa ɗaga murya a gidansa ba. Kai da kake gidan masu bi ba ka da wani uzuri. Ka tara yaranka a lokacin da kuka saba, ko a ƙarƙashin darbejiya ne, domin su ne suka fi kowa bukatar su ga akwai abin da ruwan bai tafi da shi ba.

Na kuma ji cewa dattawan ikilisiya sun so a yi muku baiko na musamman, wato a tara muku gudummawa, ranar Lahadi ka hana, Zumuntar Mata sun kawo masara da tabarmi mai ɗakinka ta karɓa a ɓoye don kada ranka ya ɓaci. Wannan girman kai ne ka sa masa rigar kunya. Shekara nawa kana sa hannu a baikon wasu? Galatiyawa sura ta 6 ta ce mu ɗauki nauyin juna, kuma hakan ba ya yiwuwa idan kowa ya ce shi mai ɗauka ne kawai. Kakanninmu ma, tun ba su ji wannan aya ba, sun san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka koma wurin fasto ka ce ka amince, ka kuma kai sunanka wurin mai unguwa ko za a zo rubuta waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna.

Kada ka fara gini yanzu, ƙasa ba za ta bushe ba sai ruwa ya ɗauke a watan Oktoba. Kafin nan a kwashe ɓaraguzan, a ware azarar da ke da sauran ƙarfi, a haƙa wa ruwa hanya ta bayan gida, kuma in hali ya yi a ɗaga harsashin da dutse da siminti ko da saman zai zama na ƙasa. Zan shigo Katsina ranar Asabar in Ubangiji ya yarda, in fara zuwa in yi wa surukinka godiya da sunan danginmu, daga nan mu wuce ƙauye wurin Gwaggonka tare. Ka gaishe mini da 'yata da jikokina.